Ƙidayar Motoci a Rufaffen Layi

Daga:
Mazaunin gida mai lamba 9,
Jerin gidajen bakin fili.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Hukumar Tsara Gari da Raya Filaye.

Ta hannun:
Sakataren Kwamitin Sauraron Koke-koke.

4 ga Nuwamba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN SHIRIN MAYAR DA FILIN UNGUWA WURIN SITO DA KWANAN MANYAN MOTOCI, DA KUMA RAHOTON ƘIDAYAR DA AKA KAFA HUJJA DA SHI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Mai Girma Darakta yana cikin ƙoshin lafiya shi da iyalinsa, ana roƙon ya ba wannan takarda ɗan lokaci daga lokacinsa mai tsada. Wanda ya rubuta ta tsohon ma'aikacin ɗakin karatu ne da ya yi ritaya. Daga nan har ƙarshe zai riƙa kiran kansa mai ƙorafi, domin an shaida masa a ofishinku cewa takardar da ta cika cewa "ni" da wuya ta wuce teburin farko. An sanar cewa za a sa hannu a kan izinin ginin ranar 29 ga wannan wata. Abin da ake nema shi ne a dakatar da hannun, bisa dalilan da ke tafe.

1. Da yake babu alamar wani babba daga Hukumar ya taɓa taka wurin da ƙafarsa, bari a fara da bayyana shi. Jerin gidaje ne guda, ƙofofinsu suna kallon fili. A ƙarshen filin akwai wani siririn layi mai kwalta da ya haɗa babban titi da hanyar kasuwa, a ƙetarensa kuma akwai asibitin haihuwa. Don mutanen unguwa aka yi layin, amma tun da direbobin tifa da tirela suka gano yana raba su da danja da cunkoson shataletale, sai ya zama nasu. Daga fitowar rana har faɗuwarta ba ya hutawa. Mai ƙorafi ba zai yi wa filin kwalliyar ƙarya ba. Ba lambu ba ne. Ƙasa ce tsirara da bishiya biyu da sandunan raga, ga awaki, ga leda, da damina ga taɓo. Masu ƙwallo sun fasa masa gilashin taga ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa ganin wanda ya dawo ya ba da haƙuri ba. Amfanin filin ɗaya ne tak, faɗinsa. Shi ne ya shiga tsakanin ƙofofin mutane da tayoyin tifa.

2. Bisa taswirar da aka liƙa a ofishinku, a jikin allon da ƙofar shiga ke rufewa duk lokacin da aka buɗe ta, za a ba da filin ga attajirin da unguwa ta sani da Mai Bulo, ya gina manyan sito da wurin kwanan tireloli. Hanyar shigar motocin za ta bi ta gaban jerin gidajen. Mai ƙorafi ya auna da ma'aunin taswirar kanta: abin da zai rage tsakanin ƙofarsa da gefen sabon titin bai kai faɗin katifar mutum ɗaya ba. Hujja biyu Hukuma ta dogara da su. Ta farko, wai layin ba shi da zirga-zirga, zai iya ɗaukar ƙari. Ta biyu, wai filin dama can wurin ajiye motoci ne, don haka ba a sauya masa aiki ba. Duka biyun sun fito ne daga ƙidayar da ma'aikatanku suka yi a ranakun 9 da 10 ga Mayu na bana. Mai ƙorafi ya karanta rahoton daga bango zuwa bango, bayan magatakarda ya kakkaɓe masa shi. Ya kuma san ranakun nan biyu fiye da duk wanda ya sa hannu a kansa.

3. Matar mai ƙorafi ungozoma ce a asibitin da ke ƙetaren layin. Ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan, ita kuwa Allah bai ba ta nata ba. Ranar 6 ga Mayu da yamma ta tashi daga aiki, jaka a kafaɗa, a hannunta ledar lemo da ta saya wa mahaifiyarta. Tana tsallaka layin wata tifa ɗauke da yashi ta kwashe ta. Direban bai tsaya ba. Waɗanda suka gani sun kasa haɗa baki ko a kan launin motar, amma kowa ya tuna lemon, domin har bakin raga ya gangaro, masu ƙwallo kuma suka tsince shi suka kawo gida cikin ladabi, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta kwana biyu a babban asibiti ba ta buɗe ido ba. Ta cika ranar 8 ga Mayu. Allah ya jiƙanta. Mai ƙorafi ba ya cewa tifar ta Mai Bulo ce. Bai sani ba, kuma ba ya rubuta abin da bai sani ba.

4. Ranar da aka binne ta unguwa ta fusata, fushi na gaske, wanda ya daɗe daidai da kwanakin hayar kujeru. Maƙwabta suka gangaro da ganguna, suka cika su da ƙasa, suka toshe bakin layin gaba da baya, suka rantse babu tifar da za ta sake bi sai dai ta kan gawarsu. Wanda ya fi kowa rantsuwa shi ne shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, wanda ake kira Ciyaman, mutumin da duk 'ya'yansa a hannun marigayiya suka faɗo. Da yake mace ce mai jama'a, masu ta'aziyya suka yi ta zuwa daga ko'ina, motocinsu suka cika filin maƙil. Da wuri ya ƙare sai aka jera kujeru a kan kwaltar layin kanta, aka kafa rumfa. A nan mai ƙorafi ya zauna yana miƙa wa masu gaisuwa hannu.

Da safiyar 9 ga Mayu wasu matasa biyu tsaf-tsaf suka iso, kowanne da allon rubutu a hammata, suka tsaya suna dube-dube. Ciyaman da kansa ya taso ya tare su, wai daga nesa kuke ko, ku shigo inuwa mana. Aka ba su kujeru a sahun gaba. Suka yi wa mai ƙorafi ta'aziyya, ya amsa, ya ɗauka cikin waɗanda ta karɓi haihuwarsu ne, don shekarunsu sun yi daidai da haka. Aka kawo musu ruwa, da rana aka kawo abinci, suka ci suka yi addu'a. Jefi-jefi sukan ja ɗan layi a takarda. Mai ƙorafi ya zaci sunayen masu zuwa suke rubuta wa dangi, har ya ji daɗi a ransa cewa wani ya tuna da hakan. Washegari suka dawo, ba sai da aka nuna musu kujerunsu ba. Ɗayan ma ya taya kwashe kwanuka.

Waɗannan su ne ma'aikatan ƙidayarku, ranka ya daɗe. An aiko su su ƙirga motocin da ke bin layin, sai suka zauna a tsakiyar layin, a kan kujera, a ƙarƙashin rumfa, ganga a gabansu ganga a bayansu, suka ƙirga. Abin da ya gilma ta gabansu bai wuce 'yan kekuna ba, da baburan da masu su suka sauka suka turo, da baron mai sayar da ruwa. A gurbin manyan motoci suka rubuta sifiri. Ba su yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ci wa mai ƙorafi rai. An ce su ƙirga, ba a ce su tambaya ba. Kafin su tafi suka ɗauki hoton filin cike da motocin masu ta'aziyya, suka rubuta a ƙasansa cewa mazauna suna amfani da shi wajen ajiye motoci.

Ga abin a taƙaice. Tifa ta kashe mace a layin, mutuwarta ta rufe layin, rufewar ta zama shaidar cewa tifa ba ta bin layin, shaidar kuma ta zama izinin ƙaro wasu. Mai ƙorafi ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsakanin littattafai, ya karanta zalunci kala-kala na da da na yanzu, amma bai taɓa cin karo da inda aka sa gawa ta tsaya wa wanda ya kashe ta shaida ba. An janye gangunan ranar da mai kujeru ya zo kwasar kayansa. Kafin la'asar tifar farko ta wuce.

5. Yanzu ga abin da ya sa mai ƙorafi ya ɗauki biro, domin matattu ba su da bukatar fili. Mutum biyu suka rage a gida mai lamba 9: shi da surukarsa, mahaifiyar marigayiya, wadda yake kira Inna. Ta haura tamanin, idonta ya dushe, gigin tsufa ya kama ta tun kafin rasuwar 'yarta, kuma ba ta da wani ɗa a raye. Kada Mai Girma Darakta ya zaci labarin ƙauna za a ba shi. Inna ba ta taɓa son mai ƙorafi ba. Tun yana neman 'yarta ta ce mutumin da ke karatu yana cin abinci ba zai riƙe mace ba, rashin haihuwar gidan ma a wuyansa ta rataya, a gaban baƙi, da murmushinta. Yau ba ta san shi ba. Wata rana shi ne mai gidan haya, wata rana mai gyaran famfon da ya ƙi tafiya. Shi ke dafa mata, shi ke wanke abin da ta ɓata, ita kuma in ya shigo sai ta ɓoye 'yan kunnenta a ƙarƙashin cinya.

Abu ɗaya ne bai goge a kanta ba, lokacin tashin 'yarta daga aiki. Kullum rana ta yi sanyi sai ta yafa mayafi, ta laluba takalmi, sau da yawa ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nasa, ta ce bari ta je ta taro yarinyar nan, ta san halinta, ba ta duba hanya. Yarinyar nan ta rasu tana dab da sittin. Da farko mai ƙorafi yakan zaunar da ita ya gaya mata gaskiya. Sai ta kurma ihu ta zube, ta yi kukan da sabo bai rage masa komai ba, domin a wurinta kullum karon farko ne. Washegari sai ta yafa mayafi. Da ya ga shi ne ke kashe mata 'ya kowace yamma, sai ya daina. Yanzu yakan ce wata ce ke naƙuda, za ta yi jinkiri. Wani lokaci ta yarda. Wani lokaci ta ce ƙarya kake, kai wa ya sa da kai, ta jira ya shiga banɗaki ko ya juya ga tukunya, ta zare sakata.

In ta fita, filin ne ke riƙe ta. Tafiyarta a hankali take, filin kuma da faɗi. Kafin ta kai rabi wani ya gan ta. Ko masu ƙwallo su tsayar da wasa, ko mai walda na kusurwa ya kashe injinsa, ko matar gida mai lamba 7 ta ƙwala mata kira, wai Inna ai ta bi ta baya, tana ciki tana nemanki. Sai a juyo da ita tana mita. Mai ƙorafi ma, da irin gwiwar da ta rage masa, yakan cim mata kafin bishiya ta biyu. Ba ta taɓa kaiwa kwalta ba. Ba likita ne ya raya ta daga Mayu zuwa yau ba, ba kuma kulawar surukinta ba ce. Nisan nan ne kawai, shi ne kuma taswirar Hukuma ta zo ta ɗauke.

6. Ranar 17 ga Oktoba Hukuma ta kira taron jin ra'ayin mazauna a ajin makarantar firamare, da hantsi, lokacin da duk mai abin yi yana wurin abin yinsa. Jami'in da aka turo matashi ne mai ƙamshin turare da waya biyu, ya kuma ba kowace haƙƙinta a tsawon zaman. Ya haska majigi a bango ya nuna hoton filin cike da motoci. A kusurwar hoton ana ganin bakin rumfa, da wani mutum a kan kujera, hularsa a karkace, yana kallon ƙasa. Mai ƙorafi ya daɗe kafin ya gane kansa.

Ya miƙe ya yi bayanin da ke sakin layi na 4, bai ɗaga murya ba. Jami'in ya ce yana jajanta masa, amma wai an yi ƙidayar bisa ƙa'ida, a ranakun aiki, da rana tsaka, kuma takardar ƙidaya ba ta da gurbin rubuta dalili. Ya ƙara da cewa in za a riƙa soke rahoto don wani ya mutu, babu rahoton da zai tsaya a garin nan, tun da kullum ana mutuwa. Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa mai riƙe da fayil. Da mai ƙorafi ya tambayi yadda aka yi rahoton ya ce layin ba shi da tarihin haɗarin mutuwa, sai jami'in ya duba wayarsa ya ce ai matar a asibiti ta cika, don haka mutuwar asibiti ce, da nan take ta cika da an sa ta a lissafi. Mai ƙorafi ya yi kwana biyun nan a gefen gadonta yana roƙon Allah ya ƙara mata ko da awa ɗaya ce. Bai san yana ɓata wa unguwa hujja ba.

Sai ya juya ga Ciyaman, ya roƙe shi ya shaida a gaban jama'a cewa layin a rufe yake a ranakun. Ciyaman ya gyara zama ya ce shi dai bai tuna an rufe ba, an dai ɗan rage hanya. Ya ce wai Malam, kowa ya yi rashi, ba a kanka aka fara zaman gwauro ba. Ya ce ci gaba ya zo har ƙofar gida, ba za a hana matasa aikin dako don tsohuwa ɗaya da ba ta san safiya da yamma ba. Ana raɗe-raɗin an yi masa alkawarin rumfar sayar da taya a bakin sabuwar tashar. Mai ƙorafi bai ga hakan a rubuce ba, ya dai ga Ciyaman da sassafe yana auna kusurwar filin da igiya. Sauran maƙwabtan da suka cika ganguna da hannunsu kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Matar gida mai lamba 7 ta yunƙura za ta tashi, mijinta ya riƙe bakin mayafinta. Daga can baya wani ya tambaya da ƙarfi, wai shin kwaɗon kulle ƙofa ya yi tsada ne a kasuwa? Wannan dariyar ta fi ta farko.

A bayanin taron da aka liƙa daga baya an rubuta cewa mazauna sun yi na'am da shirin baki ɗaya, in ban da wani dattijo da ya yi magana a kan al'amuran iyalinsa.

7. Ana sanar da Mai Girma Darakta, ko da labari bai kai masa ba, cewa ba a jira sa hannunsa ba. Tun ranar 21 ga Oktoba an kakkafa turakun awo a filin, an ja igiyoyi a tsakaninsu daidai idon sawu, katafila kuma tana kwana a gindin bishiya ta farko. Masu ƙwallo sun koma wani wuri, idanun da ke tare Inna sun ragu ke nan. Igiyar ta riga ta kayar da ita sau ɗaya, goshinta ya fashe. Da ana ɗaure mata ciwon ta roƙi kada a gaya wa yarinyar, hankalinta zai tashi.

8. A makon da aka kafa turakun dai direban Mai Bulo ya yi sallama a ƙofar mai ƙorafi da ƙunshi a leda. Kwaɗo ne sabo fil, babba, da makullansa a zobe. Ya ce wai maigida ya ji halin da ake ciki ya tausaya ƙwarai, ga gudummawarsa, a riƙa kullewa daga waje, haka suka yi wa kakarsu har Allah ya karɓi abinsa. Mai ƙorafi ya yi godiya, domin an yi masa tarbiyya.

Ya kuma gwada shi, don kada a ce ya ƙi shawara bai jarraba ba. Da rana ta yi sanyi ya lallaɓa Inna ta shiga ɗakinta, ya ja ƙofa, ya datse. Ya ɗauko kujera da littafi ya zauna a waje. Ta fara da bugu. Ta kira ɓarayi, ta kira 'yan sanda, ta tsine wa mai gyaran famfo da uwarsa. Daga nan ta koma karce katako da farce. Can ya miƙe ya kasa kunne. Sai ya ji ta da wata murya da bai taɓa sanin tana da ita ba, a hankali, cikin ladabi, tana cewa Malam, don girman Allah ka buɗe ni, yarinya ce ƙarama, ba ta iya tsallaka titi ba, hannu kawai zan riƙe mata in dawo ka kulle ni. Ya buɗe. Faratanta biyu sun ɗage, jini a jikin ƙofa. Matar da ba ta tuna ta ci abinci ko ba ta ci ba, wannan ta tuna shi. Har yau ba ta yarda a tura ƙofar ɗakinta, in ta ji ƙarar ƙarfe sai ta kare fuskarta da hannu. Kwaɗon yana nan a kan teburin mai ƙorafi, ya danne takardu da shi.

Saboda haka, cikin ladabi da sanin girman ofis, ana roƙon Mai Girma Darakta:

(a) Ya dakatar da sa hannu a kan izinin ginin, ya kuma ba da umarnin cire turaku da igiyoyi da katafila daga filin har sai an kammala bincike.

(b) Ya soke ƙidayar 9 da 10 ga Mayu, a sake wata a ranar da babu wanda ya mutu. A ba masu ƙidayar izinin tambaya in sun ga ganga a kan titi. Kujera kuwa ba za su samu ba, kuma ana ba su shawarar kada su tsaya kusa da kwalta.

(c) Ya sa a rubuta rasuwar marigayiya a matsayin haɗarin layin. Asibiti bai kashe ta ba, jiranta kawai ya yi.

(d) Ya sa a zare hoton nan daga fayil. Ba a nemi izinin mutumin da ke kusurwarsa ba, kuma ba ya son a ci gaba da haska shi a bango.

(e) Ya sa a gyara bayanin taron 17 ga Oktoba, a maimaita taron a lokacin da masu aiki suke gida, a kuma nemi Ciyaman ya faɗi abin da ya tuna bayan ya yi rantsuwa, tun da ya iya ta.

(f) In ayyuka sun ba shi dama, ya zo da kansa wata yamma, ba da jerin motoci ba, ya tsaya a ƙofar gida mai lamba 9 ya ga fitowarta. Ba za ta san ko shi wane ne ba. Mai yiwuwa ta tambaye shi ko ya ga yarinyar a hanya, shi kuma sai ya ba ta amsar da ya ga ta dace da matsayinsa.

Idan kuwa Hukuma ta ga ba ta da hurumin yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, to mai ƙorafi ya janye su duka, ya nemi abu guda a madadinsu: amsa a rubuce, da hatimi. Daga ranar da tirelar farko ta bi ta ƙofarsa, hanya biyu ce za ta rage masa kowace yamma. Ko ya datse Inna ya zauna yana sauraron faratanta a jikin katako har Allah ya ɗauki ɗayansu, ko ya bar sakata yadda take, ya juya ga tukunyarsa, ta fita taren 'yarta, a wannan karon kuma za ta same ta. Ya juya abin ta kowace fuska ya kasa zaɓa. Tun da Hukuma ce ta zana titin, ita ta fi sanin inda ya dace kowa ya bi. Ana roƙon ta zaɓa masa, wani mai suna da muƙami ya sa hannu a ƙasa. Zai bi umarni, bai taɓa saɓa wa hukuma ba.

Mai ƙorafi yana neman afuwa idan wata kalma ta yi kaifi. Ba raini ba ne. Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya da nisan kwana, ya kuma sa iyalinsa su riƙa dawowa gida kowace yamma.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Tsohon ma'aikacin ɗakin karatu,
mijin marigayiya ungozoma,
gida mai lamba 9.

Kwafi zuwa ga: Shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, ko zai taimaka masa ya tuna.